Mai Jinyar Janar

A gidan yarin babu mai kiranta sai da Sista Agogo. Agogon ɗan ƙarami ne na ƙarfe, maƙale a ƙirjin farar rigarta, kansa a kife yadda za ta duba shi ko da hannuwanta na cikin aiki. Fursunoni kan ce zakara ya makara, ita ba ta makara. Ƙarfe shida daidai ake jin makullinta a ƙofar ɗakin magani. Ɗakin bai fi taku bakwai ba: gado biyu, kabad mai tsagaggen gilashi, sikeli, tebur ɗaya da aka tokare ƙafarsa da murfin kwalba, sai taga mai ƙarafa biyar da ke kallon tankin ruwa.

'Yar mai gyaran keke ce, ta biyar cikin bakwai, ita kaɗai ta wuce sakandare. A makarantar koyon jinya wata tsohuwar malama ta dasa mata magana ɗaya da ba ta taɓa barin kanta ba: abin da kika gani ki rubuta, abin da ba ki gani ba ko uwarki ce ta roƙe ki kada ki rubuta. Ta yi shekara goma sha tara a babban asibiti, a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki, har ta kai in majinyaci ya shigo tana kallon yadda ya riƙe kofi ta san inda ciwon ya tsaya. Ta auri malamin lissafi, mutum mai sanyin magana wanda ko gardama zai yi sai ya fara da “a ce”. Suka haifi uku, maza biyu da mace.

Macen ce auta. A gida ana ce mata Kanari, don tun tana rarrafe bakinta bai san hutu ba. Tana shekara ta biyu a jami'a, tana karatun haɗa magunguna, ɗalibai suka fita zanga-zanga saboda an kama malamansu uku. Lokacin Janar yana shekara ta goma sha ɗaya a kan mulki. Sojojinsa suka kwashi ɗalibai arba'in da ɗaya suka zuba su a akwatin ƙarfe na ɗaukar kaya, irin wanda ake ɗora wa tirela, suka rufe a tsakar bariki cikin watan zafi. Kanari tana da asma. Sista ta baro aiki da farar rigarta, ta tsaya a ƙofar bariki da maganin shaƙa a hannu tun hantsi har la'asar sakaliya. Ta nuna katin aikinta. Ta ce ba saki take roƙo ba, a miƙa wa yarinyar wannan kawai. Sojan ƙofa ya ce umarni daga sama ne. Bayan kwana biyu aka buɗe akwatin, sha tara suka fito da rai. Kanari ba ta cikinsu.

Sista ba ta yi kururuwa ba. Takardu ta yi ta rubutawa, guda goma sha huɗu, kowace da kwanan wata da lokaci, tana tambayar wa ya hana a buɗe ƙofar. Amsar da ta samu ita ce canjin wurin aiki. Aka ɗauke ta daga babban asibiti aka jefa ta ɗakin maganin gidan yari, inda ake tura duk wanda ake so ya gaji ya ajiye aiki. Ba ta gaji ba. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana wanke gyambo da raba maganin tari, har ranar da sojojin Janar da kansu suka fito da shi daga fada da silifas a ƙafa, bayan wata uku kuma aka kawo shi ɗaki na tara, taku ashirin daga teburinta.

Yana da shekara saba'in da huɗu, da hawan jini, da ciwon suga, da wani miki a dugadugi da ya fara wari. Shugaban gidan yari ya kira likita, wani matashi da ke zuwa sau biyu a mako, ya ce a nemo wata nas, wannan an san tarihinta.

Likita ya ce, “Ranka ya daɗe, a garin nan ka nuna mini nas da ba ta rasa kowa ba. Biyu na tambaya, sun ce ko a gaban bindiga ba za su taɓa shi ba. Ita kuwa na tambaye ta, ta ce in kawo mata bandeji mai kyau. In akwai wadda na tabbata ba za ta bari ya mutu ba, ita ce.”

Gaskiya ya faɗa, ko da yake bai gama fahimtar dalili ba a lokacin. Kotu ta zauna wata bakwai. A can ne wani mai haɗa waya na fada ya ba da shaida cewa kwamandan bariki ya bugo sau biyu yana neman izinin buɗe akwatin, Janar ya ce, “Bar su su huce.” Sista tana bencin baya ta ji wannan. Ta duba agogonta, ta rubuta lokacin a bayan katin shiga, ta koma aiki ta yi wa mutumin allurar yamma. Aka yanke masa hukuncin rataya. Sai dai dokar ƙasar ta ce ba a rataye mutum sai likita ya sa hannu cewa yana cikin hankalinsa, kuma zai iya takawa da ƙafarsa zuwa wurin. Tun ranar da ta karanta wannan sashe na doka, Sista ta san aikinta.

Ba a taɓa jinyar mutum a gidan nan kamar yadda ta yi jinyar Janar ba. Sau biyu a rana take wanke mikin. Ta hana gishiri a abincinsa, ta shiga kicin da kanta ta tsaya a kan mai girki. In ta ba shi ƙwaya sai ya buɗe baki ya ɗaga harshe ta gani. Ita ke yanke masa farcen ƙafa, don mai suga ba a barin reza a hannun kowa. Cikin wata huɗu mikin ya rufe ruf, ya bar tabo kamar ƙwayar gero. Duk wannan ba ta taɓa kiransa da wani suna ba. “Miƙo hannu.” “Haɗiye.” “Juya.” Ranar da ya ce mata, “Allah ya yi miki albarka, 'yata,” ta ɗago ta dube shi ta ce, “Kada ka ƙara.” Bai ƙara ba.

Gandiroban da ke tsaron ɗakin, wani siriri da ake ce wa Saja Dogo, shi ya fara gano zancen.

“Uwar ɗakina, wai kiwon rago kike yi? Mutumin nan har wuya ya yi. Mu da muke da mata a gida ba mu samu wannan gata ba.”

“In ka ga ana tattalin rago, Saja, ba don ƙaunarsa ba ne.”

“Af! Ni dai da za a bi tawa, duk wannan wahalar ba ta taso ba. A buɗe masa ƙofa ranar kasuwa a ce Janar sauka lafiya. Kafin ya kai layin masu tumatir an gama shari'a, ba igiya ba takarda.”

Likita yana cike wata takarda a tebur, bai ɗago ba ya ce, “Haka shi ma ya fara, Saja. Ba igiya ba takarda.”

“To, ga lauyansa na uku ya iso.”

“Ni ba lauyansa ba ne. Ƙanena ya yi shekara biyu a hannunsu, har yau ba ya iya kwana a ɗaki mai rufaffiyar taga. Amma gwamnatin da ta koyi kisa ba ta mantawa. Yau an rataye mai laifi kowa ya yi tafi, gobe igiyar tana nan a rataye tana jiran wuya, kuma ba ta tambayar na waye.”

Sista tana naɗe bandeji. Ta ce, “Likita, in an gama da wannan ka ɗauki igiyar ka ƙone, ni zan ba ka ashana.”

Gardamar da ake yi a ɗakin nan ita ake yi a ko'ina. Sabuwar majalisa ta ɗauko ƙudurin soke hukuncin kisa gaba ɗaya, aka sa ranar ƙuri'a. In ƙudurin ya wuce Janar yana numfashi, hukuncinsa ya koma ɗaurin rai da rai. A motar haya ana yi, a layin famfo ana yi, a rediyo kuwa tun safe masu buga waya ke zagin juna. Wasu suka ce ƙasashen waje ne suka matsa. Wasu suka ce 'yan majalisar tsoron wuyansu suke yi, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa.

A gida ma ba ta tsira ba. Malam, mijinta, ya yi ritaya, yawancin yini yana kujerar roba a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida da rediyo a cinya. Ba ya son a rataye Janar, amma ba don tausayi ba.

“A ce an rataye shi,” in ji shi, wata rana bayan la'asar tana cire takalmi. “Minti nawa ne? Ke kin fi ni sani.”

“In mai aikin ya iya, bai kai ɗaya ba.”

“To kin gani. Yarinyar nan kwana biyu ta yi. Awa arba'in da takwas, Maman yara. Ki raba da minti ɗaya ki ga irin rangwamen da za a yi masa. Ni so nake ya tsufa a ɗakin nan, haƙoransa su zube, 'ya'yansa su gaji da zuwa, a manta da sunansa yana raye. A cire masa fanka ma.”

“Malam, ka manta ƙasar da kake. Shekara biyar za a yi wani ya hau ya ce a yafe wa juna, a fito da shi a keken guragu ana yi masa addu'a, ya mutu a gadonsa jikoki kewaye da shi. A jarida a ce dattijon ƙasa ya rasu. Ni na ga yadda ake mutuwa a gado, ba abin da ya fi ta sauƙi. Ba zan ba shi wannan ba.”

“Igiya ba za ta dawo da ita ba.”

“Na ce maka dawo da ita nake nema?”

Daga nan sai ta shiga ta ɗora ruwa, shi kuma ya ƙara muryar rediyo. Shekara talatin da shida da aure, wannan ce gardama ɗaya da ba wanda ya sakar wa wani.

Kotun ƙoli ta kori ƙarar da lauyoyin Janar suka ɗaukaka. Aka sa ranar Laraba. Ranar Lahadi likita ya duba shi, ya sa hannu, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa, ya tafi. Ƙuri'ar majalisa saura mako biyar. Babu abin da ya rage sai kwana uku su wuce.

Ranar Litinin da ƙarfe shida da kwata Sista ta shiga ɗaki na tara da tiren magani. Janar yana zaune a bakin gado. Ta ce, “Miƙo hannu.” Ya miƙo na hagu. Shekara guda da rabi kullum na dama yake miƙowa. Ta ajiye tiren. Gefen bakinsa na dama ya ɗan sauka, kaɗan ne, wanda bai yi shekara goma sha tara a ɗakin masu shanyewar jiki ba ba zai lura ba. Ta ɗaga hannun daman ta saki, ya faɗi kamar tsumma. Ta tambaye shi yau wace rana ce. Ya dube ta da idon da bai san ta ba, ya ce, da harshe mai nauyi, “Inna, ruwa.”

Saja Dogo yana bakin ƙofa, ya ga komai. Ya shigo ya tura ƙyauren da ƙafa, ya rage murya.

“Uwar ɗakina, ba ki ga komai ba, ni ma ban gani ba. Takarda tana ofis da sa hannu. Jibi ni da wani za mu riƙe shi ta hammata, kowa zai ce tsoro ne ya kashe masa gwiwa. Wa zai tambaya? In kika kira likita sai ya yaga takardar nan, ki sani. Mako biyar kamar gobe ne.”

Ta sani. Ta tsaya tana kallon tsohon, yawu na bin haɓarsa, yana lallaɓar bargo da hannun hagu kamar yaron da ya tashi daga barci. Ta nemi mutumin da ya ce “bar su su huce” a cikin fuskar nan, ba ta same shi ba. Wannan in an sa masa igiya zai zaci mayafi ne. Ba zai ji ƙafarsa na rawa ba, ba zai ƙirga matakala ba, ba zai san saboda wa ake yi ba. Ya gudu ya bar mata fanko.

“Ba buhu na yi shekara da rabi ina jira a rataye ba,” ta ce. “Buɗe ƙofar, Saja.”

Ta kira likita ƙarfe shida da minti ashirin da huɗu, ta rubuta a kati. Kafin azahar an janye takardar, kafin la'asar gari ya ɗauka.

Abin da ta sha a kwanakin nan ba kaɗan ba ne. Akwai ƙungiyar iyayen ɗaliban akwatin, tare suka yi shekaru suna zirga-zirga a ofisoshi. Uku daga cikin matan suka same ta a bakin titi tana jiran mota. Babbarsu, wadda ta rasa tagwaye, ta riƙe mata hannun riga.

“Nawa suka ba ki?”

“Yaya, sakar mini riga.”

“Kwana biyu ya rage! Kwana biyu kacal, ki rufe ido ki kasa? Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya? Allah ya isa tsakaninmu da ke, in mutumin nan ya mutu a gado.”

Sista ba ta kare kanta ba. Ta ce kawai, “Ba zai mutu a gado ba,” ta hau mota. A gida Malam ya dube ta ya buɗe baki zai ce “a ce”, sai ya fasa, ya tashi ya ba ta kujerarsa.

Washegari ta zo da ƙwallon roba, da cokali mai kaurin mariƙi, da wani tsohon littafinta na makaranta. Aikin da ta fi iyawa a duniya ne, kuma ba ta taɓa yin sa da irin wannan naci ba. Duk awa biyu sai ta juya shi. Ta lanƙwasa kowane yatsa sau ashirin, ta miƙar sau ashirin. Ta sa aka ɗaura ƙarfe a jikin bango ya riƙa kamawa. Ta bar zuwa hutun rana, tana cin abincinta a tsaye a bakin ɗaki na tara. “Matse.” “Saki.” “Kuma.” In ya yi kuka ta jira ya gama, ta ce, “Kuma.” Kwana goma ya riƙe kofi. Kwana goma sha shida ya tsaya da ƙarfen bango, ya kira Saja da sunan aikinsa, ya tambayi ina lauyoyinsa.

Lauyoyin suka zo ranar ta goma sha bakwai, suka yi awa guda da shi. Daga ranar Janar ya koma baya. Hannu ya sake mutuwa, baki ya karkace fiye da da, in an yi masa magana sai ya kalli silin yana gurnani. Likita ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce wataƙila wani bugun ne ya sake samunsa. A fuskar likitan akwai wani sauƙi da bai iya ɓoyewa ba.

Sista ta ci gaba da sa masa ido. Mai shanyayyen jiki in ka kwantar da shi, yadda ka bar shi haka za ka same shi. Ita kuwa takan bar shi a gefen hagu ta dawo ta tarar da zanin gado ya tattare a dama. Ruwan kofin da ke kan akwati ta ɓangaren hannun da ya mutu yana raguwa. Tafin ƙafarsa, wanda take wankewa da kanta kowace yamma, da safe sai ta ga ƙura. Ta rubuta kowane ɗaya da ranarsa da lokacinsa, kwana tara a jere. Ƙuri'a ta rage kwana takwas.

Ranar da likita ya dawo ta ce ya zo tare da shugaban gidan yari. Suka tsaya a ƙafar gado. Janar yana kwance rigingine, ido a silin, yawu a haɓa. Ta kama hannunsa na dama ta ɗaga shi sama daidai saitin fuskarsa.

“Likita, ka tuna ranar farko da na yi wannan a gabanka? Ina hannun ya faɗi?”

“A hancinsa.”

Ta saki. Hannun ya taho, ya kauce, ya sauka a hankali a gefen kunne. Ta sake ɗagawa ta saki. Ya sake kaucewa.

“Hannun da ya mutu ba ya tausayin hanci,” ta ce.

Likita ya dubi hannun. Can ya ce, “Ko da jikin ya dawo, Sista, sai an tabbatar da hankali. Ba ya magana.”

Ta ɗauki katin da ke rataye a ƙafar gado ta zare biro. Ta juya wajen Saja Dogo, da muryar da take tambayar ko an kawo ruwa.

“Saja, tunda kotu ta tuɓe masa muƙami, me zan rubuta a nan? Sabon kati ne.”

Saja ya gane nan take. “Ai sai a mayar da shi inda ya faro, uwar ɗakina. Kofur. Na ji an ce a ɗakin ajiyar barguna ya yi kofur ɗinsa, shi ke ƙirga safa.”

“To. Kofur.” Ta rubuta wani abu, ta matso kusa da kansa. “Kofur, ɗaga kai likita zai duba ka. Kofur, da kai nake. Saja, taimaka wa Kofur ya zauna, ka san bai saba da manyan mutane ba.”

Jijiyar wuyan tsohon ta tashi. Idon da ke silin ya sauko ya tsaya a kanta, kuma a karon farko cikin mako huɗu ta ga mutumin da take nema.

“Janar,” ya ce. Muryar ta fito tas, babu nauyi ko kaɗan. “Janar nake, ke 'yar talakawa. Kuma da Janar za a binne ni.”

Ba wanda ya motsa. Shi kansa ya ji abin da ya yi, bakinsa ya koma ya karkace, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sista ta duba agogo, ta rubuta lokacin da kalmomin yadda ya faɗe su, ta miƙa wa likita katin.

A ɗakin magani likita ya zauna da takardar a gabansa, biro a hannu, ya daɗe bai rubuta ba.

“Mama, kwana takwas ne. Da kin bar shi da wasansa kwana takwas, da ƙasar nan ta wuce wannan shafi ba tare da jini ba.”

“Ranar da na kira ka da sassafe, me ka ce mini? Ka ce da ana samun irina goma da asibiti ya gyaru. Abin da na gani na faɗa ranar, abin da na gani na faɗa yau. Kai ma ba a ce ka rubuta ra'ayinka ba, ɗan nan. Yana cikin hankalinsa ko ba ya ciki?”

“Yana ciki.”

“Zai iya takawa?”

Ya sa hannu. Ya ajiye biron a tebur bai ɗauka ba, ya fita.

Ranar Alhamis aka yi ratayar, bayan gari ya waye sosai. Ta shiga ɗaki na tara ƙarfe shida da kwata kamar kullum, ta auna jininsa, ta rubuta, ta ba shi ƙwayar safe ta sa ya ɗaga harshe. Da ya ɗaga kofi ruwa ya zuba a rigarsa. Ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, ko da ciwo. Ta ce ba fanninta ba ne. Da gandirobobi suka zo ta tsaya a ƙofar ɗakin magani, domin nan aikinta ya ƙare. Ya wuce ta gabanta a tsakiyarsu, ba wanda ya riƙe shi, yana kallon ƙofar ƙarshen baranda, kuma ya san ƙofar mece ce. Ta bi shi da ido har aka rufe. Sannan ta koma ciki, akwai mutum goma sha ɗaya a layi, na farko yana da ƙurji a hammata.

Da ta koma gida rediyo a kashe yake. Malam yana kujerarsa, hannuwa a gwiwa. Ya bari ta cire takalmi.

“Da ƙafarsa ya tafi?”

“Da ƙafarsa.”

“Ya san abin da ake ciki?”

“Ya sani.”

“Ya ji tsoro?”

“Ƙwarai.”

Malam ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa. Bai ce ya canza ra'ayi ba, ita ma ba ta tambaye shi ba.

Bayan kwana huɗu majalisa ta soke hukuncin kisa da rinjayen ƙuri'a shida. Janar ne mutum na ƙarshe da aka rataye a ƙasar. Likita ya nemi canjin wurin aiki, har ya tafi bai ƙara shan shayi a ɗakinta ba. Matar da ta riƙe mata riga ta zo gida da kanta ta durƙusa a tsakar gida, Sista ta ɗaga ta ta ce ba komai, kowa da yadda wutarsa ke ci.

Ta ƙara shekara biyu ta yi ritaya. Yanzu tana wani ɗan shagon magani a bakin layinsu, tana auna wa tsofaffi jini tana yi musu faɗa a kan gishiri. 'Yan jarida da ɗalibai masu bincike sukan zo su tambaye ta ra'ayinta game da sabuwar dokar. Takan ce doka ce mai kyau, da tana majalisa da ta ɗaga hannu. In suka tambaya ko ta yi nadama, sai ta ce a'a. Wata yarinya mai rikoda ta taɓa tambayarta ko zuciyarta ta huce tun daga ranar. Sista ta yi tunani sosai, don ba ta son faɗin abin da ba ta tabbatar ba.

“Ba ta huce ba,” ta ce. “Amma da can ni da shi muke shaƙar iska ɗaya, 'yata ba ta samu ba. Yanzu wannan ya ragu. Saura ki miƙo hannu, tun da kika shigo nake ganin idonki ya yi fari.”